Rabon Hidimomin Ƙirƙirarriyar Basira ta Gajimare a Tsakanin Yankunan Duniya

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bayyana dalilin da ya sa ƙasashe ba sa samun hidimomin ƙirƙirarriyar basira daidai wa daida. Abin da ake kira "gajimare" shi ne gine-gine cike da kwamfutoci waɗanda ake haya ta intanet, kowane rukuninsu kuwa ana ce masa yanki.

2.0 Matsayin Afirka

Kamfanin Microsoft ya buɗe yankunansa a Johannesburg da Cape Town a 2019, Amazon ya biyo baya a Cape Town a 2020, sannan Google a Johannesburg a 2024. Wato duk ukun Afirka ta Kudu suka zaɓa. Amma samun yanki bai tabbatar da samun kowace hidima ba, domin sababbin manhajoji kan fara fitowa ne a Amurka, inda aka tanadi na'urori masu tsada da isasshiyar wutar lantarki.

3.0 Illolin Nisa

Na farko, jinkiri: haske cikin wayar gilashi kan ci kimanin kilomita 200,000 ne a daƙiƙa, don haka nisa kan ƙara jira. Na biyu, doka: Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane waje. Na uku, dogaro da wasu: a Maris 2024 tsinkewar wayoyin ƙarƙashin teku ta kawo cikas ga intanet a Afirka ta Yamma.

4.0 Kammalawa

Bisa ga haka, kafin jami'a ko asibiti su ɗora aikinsu kan irin wannan hidima, wajibi ne su binciki yankin da za a sarrafa bayanansu, da tanadin doka, da kuma abin yi idan hanya ta katse.