Tankin tace ruwa a saman tankin kifi: zai yiwu kuwa?

Idan ka taɓa ganin babban tankin gilashi na kifin ado a otal ko a ofis, da wuya ka ga inji ko soso a cikinsa. Sai kifi da duwatsu da ruwa garau. Sirrin yana cikin kabad ɗin da ke ƙasa, inda aka ɓoye wani ƙaramin tanki da masu wannan harka ke kira samp, wato tankin tacewa. To amma idan ba ka da fili a ƙasa fa? Za ka iya ɗora shi a sama? E, za ka iya, kuma a Japan da China matatar da ake ɗorawa a saman tanki abu ne da aka saba da shi. Sai dai juya tsarin yana juya inda haɗarin yake.

Mu fara da aikin tankin. Kifi yana fitar da amoniya, wadda guba ce a gare shi ko da kaɗan ce. Bakteriya irin su Nitrosomonas suna mayar da ita naitirait, shi ma guba ne, sannan wasu irin su Nitrospira su mayar da shi naitiret, wanda cutarwarsa ba ta kai ta waɗancan ba. Waɗannan bakteriya suna buƙatar wurin maƙalewa da ruwa mai gudu mai iskar oksijin. Abin da soso da tsakuwar da ke tankin tacewa ke ba su ke nan.

A tsarin da aka saba, ruwa yana malalowa daga tankin kifi zuwa ƙasa da kansa, inji kuma ya tura shi sama. Idan ka ɗora tankin tacewa a sama, inji zai koma cikin tankin kifi, ya tura ruwa sama, ruwan ya tacu ya gangaro da kansa. Kamar dai tankin ruwan da ke saman gida: inji ya hau da shi, nauyinsa ya sauko da shi.

Ribar farko ita ce ba sai ka huda gilashin tankin kifi ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin gilashin da aka ƙarfafa da zafi ba ya huduwa, tarwatsewa yake yi. Tankin sama kuwa yana iya zama na roba, wanda huda shi ba wuya. Ta biyu, masu kiwon kifin teku suna renon wasu mitsi-mitsin halittu a tanki na daban don su zama abincin kifi, kuma idan tankin yana sama, halittun za su gangaro ba tare da sun bi ta farfelar inji ba.

Yanzu ga wurin da ya kamata ka natsu. Me zai faru idan aka ɗauke wuta? A wurinmu wannan ba tambayar wata rana ba ce, ta kullum ce. Da inji ya tsaya, duk ruwan da ya haura bakin bututun fita zai zubo cikin tankin kifi. Bari mu yi lissafi. A ce tankin sama yana da tsawon santimita 60 da faɗin 30, ruwa kuma ya ɗara bakin bututun da santimita 3. Lita 5.4 ke nan. Idan tankin kifi yana da tsawon 120 da faɗin 45, ruwansa zai ƙaru da santimita 1 kacal. Ba matsala.

Matsalar tana ga bututun da ke kai ruwa sama. Idan bakinsa ya nutse, da inji ya tsaya sai ya fara zuƙo ruwa baya, kamar yadda ake zuƙo fetur daga tankin mota da tiyo. A ce ya nutse santimita 20: lita 36 za su dawo, ruwan tankin kifi ya tashi da kusan santimita 7. In ba ka bar wannan filin ba, falonka ne zai sha. Magani shi ne bakin bututun ya tsaya a saman ruwa, ko a yi masa ƙaramar huda dab da saman ruwan, don iska ta shiga ta katse zuƙon.

Haɗari na biyu ya fi wannan muni: bututun saukowa ya toshe. Dodon koɗi ɗaya ko dunƙulen gansakuka ya isa. Inji bai san an toshe ba, turawa kawai yake yi. Tankin sama zai cika ya tumbatsa, kuma a ƙarƙashinsa akwai fitila da wayoyin lantarki. Idan injin yana can ƙasan tanki mai lita 270, zai iya kwashe kusan duka ruwan ya bar kifi a busasshen wuri. Shi ya sa ake sa bututu biyu, na biyun a ɗan sama, ba ya aiki sai na farko ya gaza. Kuma ake rataye inji kusa da saman ruwa: a santimita 5, iyakar abin da zai kwashe a tankin misalinmu lita 27 ne. Sai dai ka sani inji yana iya ƙonewa idan ya daɗe yana aiki ba ruwa.

Me ya sa bututun saukowa zai fi na hawa faɗi? Tun a shekarar 1643 Evangelista Torricelli, masani ɗan Italiya, ya gano cewa gudun ruwan da ke fita daga huda ya dogara da zurfin ruwan da ke samanta, kuma kafin gudun ya ninka sau biyu sai zurfin ya ninka sau huɗu. Wato ba za ka dogara da taruwar ruwa ta ceci siririn bututu ba, tankin zai cika kafin nan.

Sai nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ta ruwan teku ta ɗan ɗara. Tankin sama mai lita 45, haɗe da tsakuwa, zai haura kilo 50, fiye da buhun siminti. Kar ka ɗora shi a kan gilashi ko kantar katako mara ƙarfi, yi masa ƙafafun ƙarfe nasa. Haka kuma ruwan da ke ƙafewa, a wurin da inji yake ake ganin raguwarsa, don haka a wannan tsari tankin kifin ne zai riƙa ja baya, musamman lokacin hunturu da bazara. Sai ka riƙa ƙara ruwa a kai a kai.

Kafin ka saka kifi ko ɗaya, yi gwaji biyu. Kashe inji ka tsaya har ruwa ya daina motsi, ka ga inda ya tsaya. Sannan ka kunna, ka toshe bututun farko da hannu, ka ga ko na biyun zai ɗauke duka ruwan. In tsarin ya tsallake biyun nan, sai ka sayo kifinka.