Ruwa Mai Gudu da Ruwa Kwantacce: Yadda Kifi Ke Samun Numfashi

A lokacin damina Gulbin Gagare da ya bi ta gefen Ƙaura Namoda yakan cika ya batse, haka ma Gulbin Bunsuru da ya ratsa ƙasar Zurmi, su gangara fadamun Shinkafi har ruwansu ya zama Gulbin Rima. Amma da rani ya tsaya sai gudu ya yanke, a bar rairayi da 'yan gurabun ruwa nan da can. A irin waɗannan gurabu masunta kan tarar da kifaye da asuba sun taso sama suna buɗe baki, wasu ma sun juya ciki sun mutu. Sau da yawa akan ɗora laifin a kan guba ko wata cuta, alhali kuwa abin da ya kashe su shi ne rashin numfashi.

Kifi yana bukatar iskar oksijin kamar yadda ɗan Adam ke bukatarta, sai dai shi a cikin ruwa yake tatso ta. Yakan zuƙi ruwa ta baki ya fitar da shi ta jajayen naman nan masu kama da haƙoran mashaci da ke ƙarƙashin marfin kuncinsa. A nan jini ke gudu ta fuskar da ta saɓa wa gudun ruwan, wanda ke ba shi damar kwashe mafi yawan oksijin da ke ciki. Matsalar ita ce ruwa matalauci ne ta wannan fanni. Lita ɗaya ta iskar da ake shaƙa tana ɗauke da oksijin kimanin miligiram 280, amma litar ruwan gulbi mai ɗumin digiri 20 ba ta riƙe fiye da miligiram 9. In zafin ya kai digiri 30, abin da ba baƙo ba ne a watannin Afrilu da Mayu, sai ya sauko zuwa 7.5. Ga shi kuma zafi na hanzarta aikin jikin kifi, wato bukatarsa na ƙaruwa a daidai lokacin da abin da yake bukata ke raguwa.

Oksijin na shiga ruwa ne ta fuskarsa, inda ya haɗu da iska. Idan ruwan a kwance yake, tafiyar oksijin zuwa ƙasa ba ta da sauri ko kaɗan, domin yaɗuwarta a ruwa ta fi yaɗuwarta a iska nawa da kusan ninki 10,000. Gudu ne ke gyara wannan. Ruwa mai gudu yana ta juyawa, na ƙasa ya hau, na sama ya sauka, kowane sashe ya sami rabonsa. Wannan ne sirrin gulbi a lokacin damina.

To, me ya sa sai da asuba? Amsar na ga gansakuka da sauran tsirran ruwa. Da rana suna amfani da haske su haɗa abincinsu, su saki oksijin mai yawa. Da faɗuwar rana wannan aiki ya tsaya, amma numfashi bai tsaya ba: tsirrai da kifaye da bakteriyar da ke ruɓar da ganye da kashin shanu duk suna jan oksijin dare farai. Kafin gari ya waye rumbun ya kusa ƙarewa. Inda kainuwa ta lulluɓe fuskar ruwa kuwa, abin ya fi muni, don ta toshe ƙofar iskar.

Ba duk kifaye ne ke shan wahala iri ɗaya ba. Giwan ruwa ba ya jure ƙarancin oksijin. Karfasa tana da haƙuri, takan taso ta tsotsi siririn ruwan saman nan da ya fi wadata. Tarwaɗa kuwa tana da wata gaɓa mai rassa a cikin kanta, a bayan waɗancan jajayen nama, wadda take shaƙar iska da ita kai tsaye, shi ya sa take daɗewa da rai a cikin daro a kasuwa, har ma takan ja ciki a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa da dare ta koma wani ruwa. Gaiwa ta fi su duka ban mamaki. Huhu gare ta sosai, kuma in aka hana ta tasowa sama sai ta mutu a cikin ruwa, duk da kasancewarta kifi. Idan fadama ta ƙafe takan shige laka, ta naɗe kanta da majinar jikinta, ta bar 'yar kafar iska, ta yi wata da watanni tana jiran damina.

Masu ajiye kifin teku a akwatin gilashi a ƙasashen Turai da Amurka sun daɗe da sanin wannan darasi, don aljihunsu ya koya musu. Ruwan teku yana da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, gishiri kuma na rage oksijin da ruwa ke iya riƙewa da wajen kashi ɗaya bisa biyar. Kifayen da suke ajiyewa kuma sun saba da igiyar ruwa, ba su da dabarar tarwaɗa. Saboda haka ƙa'idar da yawancinsu ke bi, in kifi kaɗai ne a akwatin, ita ce injin ya juya ruwan duka sau 5 zuwa 10 a kowace awa. Akwati mai lita 200 ke nan yana bukatar injin da ke tura lita 1,000 zuwa 2,000. Sukan karkata bakin injin sama don ya riƙa girgiza fuskar ruwan, su kuma kula kada a sami lungun da ƙazanta za ta kwanta.

Ƙaura Namoda ta fi kilomita 700 daga teku, amma mai kiwon tarwaɗa a tankin siminti ko na roba a bayan gida yana ƙarƙashin wannan doka. Tanki mai lita 1,000 a zafin digiri 30 bai ɗauke da oksijin fiye da giram 7.5 gaba ɗayansa. Kuskuren da aka fi yi shi ne dogara da juriyar tarwaɗa. Ƙananan 'ya'yanta ba su riga sun mallaki waccan gaɓa ba, ruwa kaɗai suka dogara da shi. Bugu da ƙari, kifi na fitar da sinadarin amoniya mai guba, bakteriyar da ke sauya shi zuwa abu mara lahani kuwa ba ta aiki sai da oksijin. Ya kamata sabon ruwa ya zubo daga sama yana fantsama, tsohon ya fita ta ƙasa inda dauɗa take, a yi wa tankin inuwa, a kuma rage abinci a ranar da aka ga kifaye sun yi cirko-cirko a sama.

Malaman kimiyya na iya nuna wa ɗalibai wannan ba tare da kayan aiki masu tsada ba. A aza ruwan sanyi a wuta: tun kafin ya tafasa za a ga ƙananan kumfa sun manne a jikin tukunyar, iskar da ta narke ce zafi ke korowa. Makarantar da ke da ɗakin gwaji kuwa tana iya auna oksijin ta hanyar da Lajos Winkler, masani ɗan ƙasar Hungari, ya fito da ita a 1888. A ɗebi ruwan kududdufi guda da asuba, a sake ɗiba da la'asar, a kwatanta sakamakon biyun.