Leda Mai Falle Uku: Yadda Foliyesta ke Tsare Abinci Daga Lalacewa

Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya gaban mai tireda a Ruwan Bago, cikin Ƙaramar Hukumar Rogo, ko a kasuwar Ƙaraye, zai ga ƙananan ledoji jere suna reto a jikin igiya: tumatirin leda, madarar gari, biskit da kayan shayi. Tumatirin da ke cikin irin wannan leda yakan yi wata da watanni cikin zafin bazara bai lalace ba, alhali ɗanyen da aka tsinko daga lambunan rani na bakin madatsar ruwan Calawa ba ya cika mako guda a kwando sai ya fara zubar da ruwa. Dafuwar da aka yi wa na ledar tana da nata rabo a wannan bambanci, amma babban aikin yana ga ledar kanta. A ido falle ɗaya ce, a haƙiƙa kuwa falle biyu ne ko uku aka manne, kowanne da aikinsa.

Abubuwan da ke lalata abinci

Masana ilmin halittu sun ƙididdige manyan abokan gaban abinci guda huɗu. Na farko su ne ƙananan halittun da ido ba ya gani, wato bakteriya da funfuna. Idan bakteriya ta sami ɗumi da danshi da abin ci, wasu ire-irenta kan rabu biyu cikin kowane minti 20, ta yadda ƙwaya ɗaya za ta haura miliyan biyu cikin awa bakwai. Na biyu shi ne danshi, domin babu halittar da ke hayayyafa ba tare da ruwa ba. Wannan ne dalilin da ya sa manoma ke yanka tumatir su shanya ya zama kauɗa. Na uku ita ce iskar oksijin, wadda ta kai kashi 21 cikin ɗari na iskar da ake shaƙa. Ita ce ke haɗuwa da maiƙon ƙuli-ƙuli ko na madara ta sa shi wari da maƙaƙi. Na huɗu shi ne haske, wanda ke gaggauta lalacewar maiƙo, ya kuma kashe wasu sinadaran bitamin.

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa mazubi ɗaya ba ya maganin kowace matsala. Alal misali, fataken goro kan shimfiɗa ganye daga ciki don riƙe danshi, su rufe da buhu daga waje, sa'an nan su ɗaure huhun tamau da igiya. Hikimar ledar zamani ke nan, kayan aikin ne kawai suka canza.

Mene ne foliyesta?

Foliyesta nau'in roba ce da ake haɗawa daga sinadarai biyu waɗanda galibi ake samu daga man fetur. Idan aka dafa su tare, ƙananan ƙwayoyinsu kan ƙulla da juna su zama dogayen sarƙoƙi, kamar yadda ake jera 'ya'yan carbi a zare. Masana biyu, John Rex Whinfield da James Tennant Dickson, su suka gano wannan nau'i a Ingila a shekarar 1941. Da farko zaren saƙa aka yi da shi mai suna Terylene. A farkon shekarun 1950 kamfanin DuPont na Amurka ya fito da shi a siffar falle mai suna Mylar. Wannan roba ɗin dai ita ce ake yin gorar ruwa da ta lemo da ita a yau.

Yadda ake mai da ita falle shi ne, a narkar da ita, a zubo ta a kan ganga mai sanyi mai juyawa ta daskare, sai a sake ɗumama ta a ja ta tsawo, a kuma ja ta faɗi, kowane ɓangare kamar ninki uku zuwa huɗu. Wannan ja yana sa sarƙoƙin nan su miƙe su kwanta a tsaye da kwance, tamkar zare da abawa a saƙa. Shi ya sa fallen ke da wuyar tsinkewa ta kowace fuska, duk da cewa kaurinsa bai fi maikiron 12 ba. Maikiron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, kuma silin gashin kan mutum yakan kai maikiron 70.

Aikin kowane falle

Fallen waje shi ne foliyesta. Shi ke ɗaukar wahalar hanya, tun daga masana'anta har zuwa bayan babur a kan hanyar ƙauye. Ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 250 na ma'aunin santigireti. Haka kuma a jikinsa ake buga suna da hoto, amma ta fuskar ciki, domin tawadar ta kasance a tsare tsakanin falle biyu. Saboda haka ne ko an kankare ledar da farce rubutun ba ya gogewa, kuma tawadar ba ta taɓa abincin.

Fallen tsakiya alminiyam ne, kuma shi ne katangar da ke tare oksijin da danshi da haske. Roba, komai kyanta, tana da 'yan kafofi tsakanin sarƙoƙinta da iska ke silalewa ta ciki sannu a hankali. Ƙarfe ba shi da su. Hanya biyu ake bi. Ko dai a sa takardar alminiyam ta sosai mai kaurin maikiron 7 zuwa 9, ko kuma a shigar da fallen foliyesta cikin wata tukunya da aka zuƙe iskarta, a narkar da alminiyam har ya zama tururi ya kwanta a jikin fallen kamar raɓa. Kaurin wannan shafe bai kai kashi ɗaya cikin goma na maikiron ba. Shi ne ƙyallin da ake gani a cikin ledar biskit.

Fallen ciki kuwa foliyetilin ne, wato irin ledar ruwan sha da ta cefane. Ba shi da ƙarfi sosai, kuma oksijin na ratsa shi cikin sauƙi, amma yana tare ruwa, yana kuma narkewa da zafin da bai wuce digiri 130 ba. Idan ƙarfen inji mai zafi ya matse bakin ledar, na ciki ya narke ya like, na waje kuwa ko gezau. Da ledar duka foliyesta ce da ba ta liƙu ba; da duka foliyetilin ce da ta manne wa ƙarfen ta huje.

Irin wannan ƙunshi ya canza cinikin ƙauye. Tun da kamfanin Promasidor ya fara sayar da madarar Cowbell cikin ƙananan ledoji a Nijeriya a 1993, mai ƙaramin ƙarfi ya sami damar sayen abin da zai ishe shi shayin safe ɗaya, ba sai ya jira kuɗin gwangwani ba.

Iyakar ƙarfin leda

Leda tsari take yi, ba magani ba. Abin da aka zuba da cuta, da cutarsa zai fito. Gyaɗar da ba ta bushe sosai ba takan kamu da wata funfuna mai suna Aspergillus flavus, wadda ke fitar da dafin afulatoksin mai lalata hanta. An gano wannan dafi ne bayan talo-talo kimanin dubu 100 sun mutu a Ingila a 1960, sakamakon cin tunkuzar gyaɗa mai funfuna. Suya ba ta kawar da shi, balle leda. Don haka matasa da matan aure masu sana'ar ƙulla yaji da ƙuli-ƙuli da ɗan injin liƙi, wajibi ne su tsince ruɓaɓɓun ƙwayoyi, su busar da kayansu ƙarau, su bari ya huce kafin a like.

Shi ma mai saye akwai abin da ya kamata ya duba: ranar ƙarewar aiki, da lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. Tumatirin ledar da ya kumbura alama ce ta cewa ƙananan halittu na hayayyafa a ciki suna fitar da iska; wannan sai zubarwa. Wanda aka buɗe kuma ya rasa tsarinsa, gara a gama da shi a ranar.

Bayan an yar da ita

Abin da ya ba ledar nan daraja shi ne kuma ya zama matsalarta. Ganyen goro idan aka yar, ƙananan halittun ƙasa kan cinye shi ya zama taki. Leda kuwa sai ta shekara da shekaru a juji, daga nan a kwashe ta da taki zuwa gona. Takan toshe magudanar ruwa, sauro ya sami wurin ƙwai. Awaki da shanu kan haɗiye ta saboda ɗanɗanon gishiri da maiƙo, ta dunƙule a tumbi, dabba ta yi ta ramewa. Mahauta sun saba cin karo da irin wannan dunƙule a mayanka. Bugu da ƙari, sake sarrafa ta na da wuya, domin falle ukun ba sa narkewa da zafi ɗaya, raba su kuma aiki ne mai tsada. Ƙona ta a murhu yana fitar da hayaƙi mai cutar da huhu.

A shekarar 2016 masana a ƙasar Jafan suka ba da labarin wata bakteriya, Ideonella sakaiensis, da suka samo kusa da wurin tara gorunan roba a birnin Sakai. Tana fitar da sinadarin da ke tsinka sarƙoƙin foliyesta, har ta cinye siririn falle cikin mako shida. Sai dai fallen da aka ja ya yi tauri, irin na ƙunshin abinci, ya fi ƙarfinta nesa ba kusa ba.

Gwaji a aji

Malami na iya sa ɗalibai su kawo ledar biskit mai ƙyalli da ledar ruwan sha, a wanke, a haska tocila ta bayan kowace a ɗaki mai duhu, a kwatanta hasken da ya ratso. Daga nan a cukuikuye mai ƙyallin a sake haskawa; za a ga layukan haske inda alminiyam ɗin ya tsage. A kuma binne leda da ganye a wuri mai danshi, a tono bayan wata guda, a rubuta abin da aka gani.

Kammalawa

A taƙaice, foliyesta ke ba da ƙarfi, alminiyam ke tare iska da haske, foliyetilin kuma ke like baki. Haɗuwarsu ta sa abinci ke isa Ruwan Bago da lafiyarsa. Kafin masana su samo ledar da ke tsare abinci ta kuma ruɓe a ƙasa, aikin da ya rage wa kowane gida da kowace makaranta shi ne tattara ledojin nan wuri guda, nesa da bakin akuya da magudanar ruwa.