Inuwar Gawo da Ƙwaryar Fura: Daɗin Zama a Ƙasar Kurfai

Wanda ya bar Yamai da sassafe ya nufi Filinge, tafiyar kilomita wajen 180 ce a gabansa. Farkon hanyar babu abin da zai riƙe ido, daga jar ƙasa sai tsakuwa, sai sabara da geza jefi-jefi. A wuce Hamdallay, a yi ta tafiya bisa faƙo har gyangyaɗi ya fara ɗaukar fasinja. Sai an doshi Balleyara ƙasa take sauya fuska. Hanya ta gangara cikin wani kwari mai faɗi, farin rairayi ya maye gurbin tsakuwa, itatuwa su ƙara tsawo, can nesa kuma ga duwatsu sun ja sahu kamar ganuwar tsohon birni. An shigo Dallol Boso ke nan.

Dallol kalmar Fulatanci ce, ma'anarta kwari. Wannan kwarin gadon wani kogi ne da ya ƙafe tun dubban shekaru, wanda a zamaninsa yake kwaso ruwa daga Azawak ya kai shi kogin Kwara a wajen Bumba. Kogin ya tafi, amma ruwan bai ƙare ba, nutsewa ya yi ƙarƙashin rairayi. Shi ya sa a wurare da dama cikin kwarin gaba kaɗan za a haƙa a tarar da ruwa, alhali a kan tudu sai an sha wuya. Filinge na zaune a bakin wannan kwari, ita ce cibiyar ƙasar Kurfai, mazaunin Kurfayawa masu magana da Hausa, a tsakiyar maƙwabta Zabarmawa da Buzaye da Fulani.

Dalilin kawo zancen wannan ƙasa shi ne, a yau an koya wa matasanmu cewa jin daɗi wani abu ne da ke nesa. Yana Dubai, yana cikin hotunan da ke yawo a Facebook da TikTok, sai mai kuɗi ke taɓa shi. To ga ƙasar da ruwan samanta yawanci ba ya kai milimita 500 a shekara, damina wata uku ce in an yi sa'a, amma mutanenta sun ƙware wajen tatso daɗi daga ɗan abin da ke hannu. Ƙwarewa na ce, domin abin koyo ne kamar ƙira ko saƙa, kuma wanda bai koya ba zai wuce ta gabansa bai gan shi ba.

A fara da gawo. Yawancin itatuwan daji damina suke jira su yi ganye, shi kuwa gawo sai ya saɓa musu. Ruwa na sauka zai kakkaɓe ganyensa ya tsaya tsirara, ya bar wa hatsin da ke gindinsa rana da iska. Ganyen da ya zubar taki ne, saiwarsa kuma na ƙara wa ƙasa ƙarfi, shi ya sa zangarniyar gindin gawo ta fi ta fili kauri. Idan aka yi girbi, rani ya kama, yawancin itatuwa suka bushe, lokacin shi yake yin kore shar. A watan Afrilu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40 kuma rairayi ke ƙona tafin ƙafa, inuwarsa ce masaukin kowa. Makiyayi ya jingina sandarsa, mai amalanke ya kwance jakinsa, awaki na tsintar 'ya'yan da iska ta kaɗo. Wanda bai taɓa shiga inuwar gawo bayan tafiyar awa biyu a rana ba, da wuya ya gane abin da ake nufi da sanyin rai. Na'urar sanyaya ɗaki ba ta ba da irinsa, domin ita ba ta zuwa bayan wahala.

Goriba ma da nata amfanin. Yara su gwagwiyi 'ya'yanta, mata su yanko kaba su saƙa tabarma da faifai, maza su tufka igiya. Tabarmar kaba sabuwa tana da wani ƙamshi na ɗanyen ganye da ke ɗaukar makonni bai gushe ba. Tabarmar roba da ta cika kasuwanni ta fi launi, ta fi sauƙin wankewa, ban musa ba, amma a shimfiɗa ta a rana minti goma a gani ko za ta zaunu.

Inda na fi so a daɗe shi ne wajen fura, ko hura kamar yadda bakin mutanen yamma ke faɗa, su da ke ce wa garinsu Hilinge. A Kurfai fura ba abin marmari ba ce da ake saya a gefen titi in an ga dama. Ita ce abincin rana, ita ce guzurin gona, ita ce abin tarbar baƙo. Kafin a tambaye ka daga ina, uwar gida ta miƙo ƙwarya da ludayi.

"Ɗana, sha ruwa tukuna, magana ta biyo baya."

Ruwan da ake nufi fura ce. Ka amsa da "Na gode, Inna", ka durƙusa ka karɓa da hannu biyu.

Wannan ƙwarya da za ka shanye cikin minti biyar, aikin rabin yini ce. A ciro damin hatsi daga rumbu, a sussuka, a sheƙe, a surfa, a bakace dusa, a wanke, a baza ya tsane, a daka ya zama gari, a tankaɗe. A sa citta da kanumfari da ɗan barkono. A cura, a jefa cikin tafasasshen ruwa, a tsame, a mayar turmi a kirɓa har ta yi danƙo, a mulmula a barbaɗe da gari. Sannan a zo damu, wanda shi ma fanni ne. Mai iya damu ba ta barin gudaji, ba ta tsinka ta ta zama tsululu, ta san yawan nonon da zai ɗaga ɗanɗanon hatsi ba tare da ya danne shi ba. Tsofaffi suna kurɓa ɗaya su gane ko hatsin bana ne ko na bara, ko nonon safiya ne ko kwantai, har su gane hannun wadda ta dama. Masu shan ruwan inabi a Faransa suna alfahari da irin wannan kaifin harshe, an rubuta musu littattafai a kai. Namu masanan suna zaune a gindin turmi, ba wanda ya ba su takarda.

Sai dai a faɗi gaskiya, daɗin nan a kan kafaɗar mata yake. Amon taɓarya da asuba, wanda baƙo ke ji daga shimfiɗarsa ya ce kiɗa ne, ga mai dakan ciwon baya ne da kanta a tafin hannu. 'Yan mata kan mayar da shi wasa, su yi lugude, su jefa taɓarya sama su tafa kafin ta dawo, amma wasan bai rage nauyin taɓaryar ba. Da injin niƙa ya shigo ƙauyuka, wasu maza sun yi ta gunagunin cewa furar inji ba ta kai ta turmi ba. Wataƙila da gaskiyarsu. Amma duk mai wannan magana, a ba shi taɓarya mako guda, sannan a sake tambayarsa.

Hatsin kansa duniya ta fara waiwayarsa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa, bisa shawarar Indiya, saboda jurewarsa ga fari da amfaninsa ga jiki. Nijar na sahun gaba a duniya wajen noma shi. Abin dariya, a daidai lokacin da likitoci a manyan birane ke ce wa masu kuɗi su koma cin gero, a nan gida wasu na ganin sai an ɗora shinkafar waje da taliya ne aka ci abincin birni.

Fura ba ta cika sai da nono, nono kuwa a wannan ƙasa sunansa saniyar Azawak. Kimanin kilomita 20 arewa da Filinge akwai Tukunus, inda tun 1954 ake da tashar gwajin kiwo da ke zaɓe da inganta wannan iri. Saniyar ja ce, da duhu a kewayen ido da baki da ƙafafu, ga gajeren ƙaho, kuma a shanun Sahel ana sa ta a gaba wajen nono. Garkensu da yamma, suna gangarowa cikin ƙura rana na dukan jajayen bayansu, abin tsayawa a kalla ne ko ga wanda bai mallaki ko akuya ba.

Daga wannan nono ake yin cuku. Ana tatsa, tun da ɗuminsa, a ɗiga masa ruwan da aka jiƙa tumbin ɗan akuya ko maraƙi mai shan nono, nan da nan ya kama. A zuba a kan 'yar tabarmar tsinke, a lallatsa da hannu ya yi faɗi kamar takarda, ruwan ya tsiyaye, a shanya. Kwana ɗaya ko biyu ya bushe, da zanen tsinken kwance a jikinsa. Dabara ce ta mutanen da ba su da firji: nonon damina da ya yi yawa a adana shi har rani. Ana ɓalla shi a ci da shayi, ana daka shi cikin fura. In an ɗan gasa shi a bakin garwashi ya yi laushi, to wannan kam sai wanda ya ci.

Shayin ma ba a gaggauta shi. Ƙaramar buta a kan gawayi, kofuna 'yan ƙanana, zubi uku: na farko mai ɗaci, na biyu tsaka-tsaki, na uku zaƙi zalla. Ana ɗaga buta sama a tsiyaya don kumfa ta tashi. Wanda ya sha na farko ya miƙe ya yi rashin ladabi, domin shayin hujja ce kawai ta zama. A wannan zaman ake jin farashin tiyar hatsi, da wanda ya dawo daga ci-rani a Abijan ko Kwatano ko Legas, da wanda ake shirin yi wa aure bayan girbi.

Kowane wata da abin da yake kawowa, kuma rashin samunsa a sauran watanni shi ke ƙara masa armashi. Ƙamshin ƙasa daren ruwan farko, washegari gari ya fashe zuwa gona, maza na sara da sungumi, mata da yara na bi suna jefa iri suna rufewa da diddige. Tumu a gasa a bakin gona kafin hatsi ya gama nuna. Da kaka ga ɗanyen wake, ga yakuwa, ga soyayyar fara da yaji. Da ɗari a tsinci magarya da aduwa, a kewaye wuta da safe. Lokacin ne kuma lambunan kwarin ke cika. Bayan farin 1984, gwamnatin Janar Seyni Kunce, wanda shi kansa ɗan Fandu ne a wannan yanki, ta matsa wa jama'a su rungumi noman rani. Yau Bonkuku, da ke kan hanya kafin a kai Filinge, ta yi suna da dankalin turawa, buhu-buhu ake lodawa zuwa Yamai. Kore a tsakiyar rairayi cikin watan Janairu, ido kansa sai ya huta.

Ranar Lahadi kuwa ta kasuwar Balleyara ce, ɗaya daga manyan kasuwannin dabbobi na yammacin Nijar. Raƙuma, shanu, tumaki, tabarmi, ƙore, kayan fata, kanwa. Ko ba ka da dala a aljihu ka ci riba da kunne, domin a zagaye ɗaya za ka ji Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci. Za ka ji dattijo ya tare wani dattijon ya kira shi bawansa, ya ce ya sauke kaya ya gaishe da ubangidansa, wancan ya rama da wadda ta fi ta, jama'a na dariya. Baƙo sai ya zaci faɗa ne, alhali wasan taubasai ne tsakanin ƙabilu, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014 da sunan Nijar. Cinikin da ya cije sau da yawa da irin wannan tsokana ake warware shi.

Ba zan ɓoye ba, wannan tafiya da na zana ta yi wuya a 'yan shekarun nan. Tun 2012 'yan gudun hijirar Mali suka sauka a Abala, arewa da Filinge. A 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a wasu sassan jihar Tillaberi, wadda Filinge ke cikinta, a farkon 2020 aka hana hawa babur a wurare da dama, a ƙasar da babur shi ne motar asibiti kuma shi ne motar kasuwa. A watan Maris na 2021 an kashe mutum 58 a yankin Banibangu, akasarinsu masu dawowa daga cin kasuwa. Ƙauyuka sun watse, makiyaya sun rasa garke, gonaki na nesa sun koma saura. Wanda ya bar rumbunsa ya gudo gari da 'ya'yansa, ba za a je masa da zancen kyan faɗuwar rana ba.

Duk da haka, a lura da abin da mai gudun hijira ke fara nema in ya sami inda zai aje kaya: turmi, tukunya, butar shayi, da inuwar da zai shimfiɗa tabarma. Da su yake sake haɗa gida. Abubuwan da muke kira ƙanana su ne na ƙarshe da mutum ke saki, kuma wasunsu a hannunmu ɓacewarsu take, ba a hannun 'yan bindiga ba. Gawon da aka sare don gawayi sai an shekara ashirin kafin wani ya yi inuwa kamarsa. A jihohin Maradi da Damagaram manoma sun nuna mafita tun wajen 1983 da abin da suke kira sassaben zamani: in ana sharar gona, a bar tohon da ya fito daga kututture, a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a datse sauran, a kare su daga awaki. Da wannan kaɗai aka maido da itatuwa a kan hekta wajen miliyan 5, ba tare da an dasa ko an yi ban ruwa ba. Rairayin Dallol Boso cike yake da irin waɗannan kututtura na gawo da aduwa da kalgo, kuma sharar gona a watan Mayu ake yinta, da adda ɗaya a hannu.