Wasan da Mutum Ɗaya Ya Shirya

A Bompai da Sharaɗa da Challawa akwai manyan masana'antu, inda ma'aikata da yawa kan taru kafin a jeme fata ko a ƙera bokitin roba. Amma wasan kwamfuta, ko mutum ɗaya yana iya shirya shi.

Wani Ba'amurke, Eric Barone, ya yi shekara huɗu da rabi yana shirya wasan noma, Stardew Valley, shi kaɗai. Aka fitar da shi a 2016. Zanensa ɗigo-ɗigo ne, kamar Super Mario na 1985.

Waɗansu 'yan wasa sukan ce wannan tsohon yayi ne. Waɗansu kuwa sukan ce daɗin wasa yana ga dabararsa, ba ƙawa ba. Miliyoyin mutane sun saye shi.

Yara, kada ku raina ƙaramin aiki.