Matsa lamba da ƙwace ƙwallo: Yadda ake koyar da dabarar a filayen unguwa

Da zarar la'asar ta yi sanyi a unguwar Shagari Low Cost da ke Yola, matasa kan cika filayen wasa, kowa na burin wata rana ya sanya rigar Adamawa United ko ta Super Eagles. Galibinsu sun iya yanka da buga ƙwallo. Sai dai a tamaular zamani, masu neman 'yan wasa na duba wani abu dabam: me yaro ke yi a lokacin da ƙwallo ta kuɓuce wa ƙungiyarsa?

Wannan shi ne tushen dabarar matsa lamba, wato 'yan wasa su rufar wa mai riƙe da ƙwallo tare, su toshe masa hanyoyin miƙa ta, har ya yi kuskure.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tawagar Holan ƙarƙashin Rinus Michels ta yi fice da ita a gasar cin kofin duniya ta 1974. Arrigo Sacchi ya ƙara inganta ta a AC Milan, inda ya lashe kofin zakarun Turai a 1989 da 1990. Daga baya Jurgen Klopp ya ɗauki kofin Bundesliga da Dortmund a 2011 da 2012, da salon kai farmaki nan take bayan rasa ƙwallo.

Hikimar ita ce, wanda ya ƙwace ƙwallo yanzu-yanzu bai gama ɗaga kai ya ga abokansa ba. Idan aka karɓe ta a hannunsa kusa da ragarsu, hanyar cin ƙwallo ta gajarce.

Mataki na farko a horo shi ne raba aiki. Ɗan wasan da ya fi kusa ya tunkari mai ƙwallo, ba kai tsaye ba, sai ta gefe, domin ya kora shi zuwa layin fili ko kan ƙafarsa mara ƙarfi. Na biyu ya tsaya bayansa don kada a yanke shi a wuce. Sauran su tare waɗanda za a iya miƙa wa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: mutum ɗaya da ke bin ƙwallo shi kaɗai, gajiya kawai zai kwasa.

Na biyu shi ne sanin lokaci. Ba kowace ƙwallo ake bi ba. Koci kan koya wa yara alamomi: idan abokin hamayya ya tare ƙwallo ta yi tsalle, ko ya karɓe ta yana ba ragar da yake hari baya, ko an mayar wa mai tsaron raga. Tun 1992 doka ta hana gola kama ƙwallon da abokinsa ya bugo masa da ƙafa da gangan, abin da ya sa matsa masa ke da riba. A filin yashi mai gargada kuwa, irin waɗannan kurakurai sun fi yawa.

Na uku shi ne rage tazara. Idan 'yan gaba sun matsa, dole 'yan tsakiya da na baya su biyo su. In ba haka ba, bugu ɗaya mai tsawo zai bar tsakiyar fili wayam.

Atisayen ba ya buƙatar kayan tsada. A zana ɗan murabba'i, mutum huɗu su riƙa miƙa ƙwallo, biyu na ƙoƙarin ƙwacewa. Duk wanda ya rasa ta, a ba shi daƙiƙa biyar ko shida ya dawo da ita.

Sai dai Yola ba Dortmund ba ce. A watannin Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, kuma babu wanda zai iya matsa lamba na minti 90 a irin wannan yanayi. Abin da ya dace shi ne a matsa na 'yan mintoci, a ja baya a huta, a yi atisaye da sassafe ko yamma, a kuma wadata yara da ruwan sha.

Victor Osimhen, gwarzon ɗan wasan Afirka na 2023, ya shahara da hana masu tsaron baya sakat ko da ƙwallo ba ta ƙafarsa. Yaron Shagari Low Cost da ya koyi wannan tun yana ƙarami, ya ƙara wa kansa daraja a ranar gwaji.