Allurar Ivomec Ba Ta Kashe Tsila

'Yan'uwa fatake da dillalai, akwai wata al'ada da ta kama mu tun daga karar Adumri da Ngong har zuwa Poli. Da an ga maraƙi ya rame, gashi ya tashi, ciki ya yi tulu, sai a ce a soka masa Ivomec. To, allurar nan tana da aikinta, tana maganin kaska da ƙazwa da ƙananan tsutsotsin hanji. Amma tsila kam, ko gezau.

Tsilar shanu fara ce, mai faɗi, takan kai mita 4. Maraƙi yana kwasarta ne daga wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari da yake haɗiyewa tare da ciyawa. Alamarta a kashi take, za ka ga fararen guntaye kamar dafaffiyar shinkafa. Maganinta albendazole, wannan babbar ƙwayar da muke ɗurawa. Mai miligiram 2500 ta dabba mai kilo 250 ce, saboda haka kada a auna wa ƙananan shanun Namchi na ƙasar Poli da ma'aunin bijimin Gudali. Saniya mai sabon ciki, wata ɗaya da rabi na farko, ba a ba ta. Wanda za a yanka kuma a jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwali, hakkin masu ci ne.

Sai dai wadda ta fi cin dukiyarmu daban ce, tsilar mutum. Makiyayi mai ɗauke da ita ya zaga daji a makiyaya, sa ya ci ƙwanta da ciyawa, su zama 'yan ƙulli farare a harshe da zuciya da naman muƙamuƙi. Da ido ba za ka gane ba, ga sa mul-mul. Sai an kai kwata a Garwa, malamin dabbobi ya tsaga ya gani, ya hana naman, mahauci ya dawo kanmu da rigima. Ƙwayar da muke ɗurawa ba abin dogaro ba ce a kan waɗannan ƙullin.

A nan mutum ake yi wa magani. A kai yaran kiwo asibiti, akan ba su praziquantel, sha ɗaya. Ikon Allah, shi ne dai ake ba lemur, ɗan birin nan na Madagaska, a gidajen namun daji in tsila ta kama shi. Sannan a haƙa salga a kowane zango da muke kwana da shanu, tsire kuwa a bari ya gasu har ciki.